Direban da Na Ba Amanar Kaina a Seoul

Ko me zan manta na zaman da na yi a Koriya, ba zan taɓa mantawa da safiyar ƙaramar Sallar da ta riske ni can ba. Har yau in ta faɗo mini ina cikin mutane sai in yi tsaki ni kaɗai, a ce lafiya, in ce lafiya lau.

Kwas ɗin koyon injinan ban-ruwa ne ya ɗauko ni daga Zurmi ya kai ni birnin Seoul, a tsakiyar azumi. Ɗakin kwanana da ajinmu duk a harabar makaranta ɗaya suke, don haka ƙafata ce motata. Sahur ni kaɗai, buɗa-baki ni kaɗai, da shinkafar nan tasu mai danƙo. Abokan karatuna mutanen kirki ne, amma da an tashi kowa zai shige ɗakinsa ya ja ƙofa. Kaɗaici ya ci ni har na koma yi wa ɗakina sallama in zan shiga. (Ran nan na kama kaina ina amsawa. Wannan ya tsaya tsakaninmu.)

Dab da Sallah wani ya haɗa ni a waya da Malam Isiyaku, mutumin Galadi ta wajen Shinkafi, wanda ya daɗe can yana sayen tsofaffin motoci yana turowa gida. Da na ji ya ce, "Ɗan Zurmi, mi ya kawo ka ƙarshen duniya?" sai da na nemi bakin gado na zauna. Ya ce akwai wani ɗan masallaci a saman wani shago inda suke Idi. Ana sallamewa zai kwashe mu a motarsa zuwa gidansa a wajen gari, a ci tuwon dawa da miyar sure, wato yakuwa. Ya ba ni lambar bas da sunan inda zan sauka.

"Ka sauka kahin gada," in ji shi. "In ka tsallake ruwa, ka wuce. Kuma ba mu daɗewa, ba su bari a aje mota nan."

Ban nemi ƙarin bayani ba. Wa zai koya mini shiga mota? Kawuna direba ne a layin Ƙaura zuwa Shinkafi, a tasha na yi wayo. A wajenmu, in ka gaya wa direba inda za ka, shi ke nan ka zama amanarsa. Ko barci ya kwashe ka, wata tsohuwa a baya za ta zungure ka ta ce, "Mai Gurbin Bore, tashi an zo." In kuwa direba ya kuskura ya wuce da kai, motar duka za ta taso masa.

Da safe na sha shadda, na kafa hula, na fesa turare kamar ni ne ango. Bas ta zo, shuɗiya, wal-wal. Na ɗora katina a kan na'ura ta yi ƙara, na yi wa jama'a sallama, ba wanda ya ɗago. Na sunkuya wajen direba, wani dattijo mai farar safar hannu, na faɗa masa sunan wurin, na maimaita, na nuna ƙirjina. Ya gyaɗa kai. Alhamdulillahi, magana ta ƙare. (Sai daga baya na lura kowa ya shigo haka yake gyaɗa masa kai.)

Na samu kujera jikin taga. Kusa da kunnena akwai wani jan maɓalli, irinsa kuma a jikin kowane ƙarfe. Na ce a raina wannan na gobara ne, na janye kafaɗata kada in taɓa a ce baƙo ya ta da hankalin gari. Wata murya tana ta magana ta lasifika, ban bi ta kanta ba, ai na riga na gama da direba. Hankalina yana kan tuwo. Har gaishe-gaishen da zan yi nake jerawa a zuci, ina murmushi ni kaɗai.

Can sai na hango su ta taga. Mutane da fararen kaya suna hawa wani bene, ga kuma wani dogon baƙin mutum da babbar riga a bakin titi, yana leƙen kowace bas. Ba sai an gaya mini ba, Malam Isiyaku ne. Na miƙe, na gyara hula, na tsaya jiran birki.

Bas ko sassautawa ba ta yi ba.

Na dubi direba ta madubi, shi hanya yake kallo. Na ga babbar rigar nan tana komawa baya. To a nan ne ɗan tasha ya fito daga cikin ɗalibin da gwamnati ta turo. Na ware tafin hannu na shiga dukan jikin motar, bam bam bam, irin na kwandasta, na buɗe murya da Hausa tsantsa: "Direba, akwai sauka! Tsaya mana, bawan Allah!"

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Wata budurwa ta zare abin kunnenta ta matsa can. Wani mai kwat ya rungume jakarsa. Direba ya yi wata magana a tsawace yana nuna mini kujera, ni kuwa maimakon in zauna sai na ƙarasa gaba ina yi masa shari'a: "Ba na gaya maka ba? Ba ka gyaɗa kai ba?" Har rantsuwa na yi masa. Muna cikin haka na ji ƙarar taya ta sauya. Mun hau gada.

Sai wata tsohuwa mai kwandon cefane ta miƙa ɗan yatsa ɗaya, ko kallona ba ta yi ba, ta danna irin jan maɓallin nan da na yi ta tsoronsa. Ya yi ƙara, sauran duk suka kama da wuta. Babu gobara, babu 'yan sanda. Abin da ake yi ke nan in ana son sauka.

Kogin nan faɗi gare shi, jama'a. Haka na tsaya a tsakiyar mota tun daga wannan gaɓa har waccan, shaddata tana ƙarau-ƙarau, turarena ya cika ko'ina, na rasa inda zan ajiye idona.

Kafin in gano inda ake tsallaka titi, in sami wata bas mai komawa, rana ta ɗaga. Na hau benen da gudu. Wurin ajiye takalma fayau. Wani ɗan Pakistan ne kawai yake naɗe darduma, ya nuna mini da hannu cewa kowa ya tafi. Ba ni da layin ƙasar, wayata sai a makaranta take aiki. (An ce har cikin bas ɗin akwai intanet kyauta. Wannan ma sai daga baya.) Na yi raka'a biyu ni kaɗai. Mutumin ya ba ni dabino da ruwan gora, na zauna a matakala na ci. Ba zan ɓoye ba, na yi hawaye, ƙato da ni, saboda tuwo da mutanen da ko fuskarsu ban sani ba.

Da na koma ɗaki na tarar da saƙon Malam Isiyaku, ya jira har aka zo aka kore shi da motarsa. Na kira mahaifiyata. A gida lokacin gari ya waye, ina jin hayaniyar shirin tafiya Idi a bayanta. Na so in ce mata komai lafiya, amma bakina ya kwashe labarin duka ya ba ta.

"Kuma ka hwaɗa mai inda za ka?" in ji ta.

"Na faɗa, Inna."

"Ya ji?"

"Ya gyaɗa kai."

"To wanga direba ɗan wa na? A tambaya a ji gidansu."

Na yi dariya har da riƙe ciki, na ce, "Inna, nan ba wanda ya san ɗan wa ne kowa."

Sai ta ce, a hankali, "Ashe kai ma ba su san ɗan wa kake ba." Na daina dariya. Na ce mata e, haka ne.

Abin da na koya ba shi da yawa, amma na biya shi da Sallah guda. A garin da ba a san gidanku ba, in direba ya gyaɗa maka kai, gaisuwa ce kawai. Inda za ka sauka kuwa, kai kaɗai ka damu da shi, sai ka miƙa hannunka ka danna.