Gwiwoyin Torquil a Bakin Tafki

A matsa, a ba da hanya! Ga Torquil MacPhail, Garkuwar Kakanni, Mai Gadin Ninkin Kilt, Sarkin Gwiwa na garin Strathcorran, sauran kwanakin shekara kuma mai sayar da kafet a gefen tashar bas.

Allah Ya hore masa gwiwoyi biyu farare tas kamar dankalin da aka fere, shi kuwa bai taɓa yi wa jama'a rowarsu ba. Ko ƙanƙara ake zubawa, yana nan cikin kilt, ɗan zanen nan mai ninki da mazan tsauni ke ɗaurawa iya gwiwa, yana ba da labarin kakansa da ya tare rundunar abokan gaba shi kaɗai da takobi. Tsofaffin gari sun tuna kakan yana tallar kifi a kan keke, amma ai tsofaffi akwai mantuwa.

Shekara da shekaru Torquil ke riƙe da sandar jagoran faretin gargajiya. Bana sai ga Hector Gillies mahauci ya ce shi ma yana so. Shugabar kwamiti, Gwaggo Effie, ta ce sai an gama fareti za a san wanda za a bar wa sanda. Nan fa Torquil ya tara maza ya kafa doka.

"Jinin tsauni! Kilt na gaskiya ba ya son maƙwabci. Duk wanda ya sa gajeren wando a ƙarƙashi ya ci amanar kakanni. Man korar ƙwari kuwa na 'yan yawon buɗe ido ne. Kakana da warin jikinsa kawai yake korarsu!"

"Wannan kam mun yarda," in ji Hector.

Kowa ya tafa. Kowa ya koma gida ya sa wandonsa, ya shafe jiki da mai har bayan kunne. Mutum ɗaya ne tak ya bi dokar.

Ranar fareti Torquil ya fito kamar an zazzage masa kanti a jiki: hula da gashin tsuntsu, mayafi a kafaɗa da maƙali kamar faranti, jakar gashin doki tana lilo a gaba, 'yar wuƙa a safa. Masu algaitar salka suka ɗauka, ganguna suka amsa, iska na kaɗawa, Torquil na taku kamar shi ya gina tsaunukan.

Suka isa tarin duwatsun tunawa da magabata a bakin tafki. A nan al'ada take: mai busa ɗaya zai yi taken makoki, jagora kuma ya daskare, sanda a sama, ko ƙifta ido sai da dalili, har take ya ƙare. Mai busar kuwa tsoho Lachie ne, wanda bai taɓa gano inda taken nan yake ƙarewa ba.

Sai aka ɗan yi yayyafi. Sai iska ta ɗauke cak.

Duk ɗan tsauni ya san abin da ke biyo baya. Mata suka sauke ragar fuska. Ƙwarin tafki, 'yan mitsi-mitsin nan masu cizo kamar barkono, suka taso kamar hayaƙi. Suka shinshina taro, ko'ina ɗacin magani. Can suka gano ƙofa ɗaya a buɗe, ba mai gadi.

Sai an yaba wa bawan Allah, ya jure. Gashin baki ne ya fara rawa. Gwiwa ta gaishe da gwiwa. Ƙafar hagu ta ɗaga ba da izininsa ba, ta dama ta ce ba za a bar ta a baya ba. Ya yi tsalle, ya mari cinya, ya juya, kilt ya buɗe kamar laima, 'yan kwamiti na sahun gaba.

Mai ganga ya kasa daurewa, ya saki kiɗa. Lachie ya ga abin ya zo da sauƙi, ya watsar da makoki ya kama taken rawa. Yara suka faɗa fili suna kwaikwayonsa, Hector na ihu, "Ɗaga ƙafa, jikan mai kifi!" Sanda ta yi sama ta faɗa ruwa. Jagora ya bi ta a guje, ya zauna a tafki har ƙirji, yana ajiyar zuciyar da aka ji a tsallake.

Da ya fito, ruwa na tsiyaya daga jakar gashin doki, ya gyara hula ya nufi Gwaggo Effie, wadda ke zuba shayi daga fulas.

"Gwaggo, abin da kuka kalla tsohuwar rawar yaƙi ce ta gidanmu. Ba kowa ake nuna wa ba. Ina fata kwamiti ya ga irin kishina."

Ta hura shayinta.

"Mun gani, Torquil, har abin da ba mu nema ba. Hector, tsamo sandar, taka ce. Kai kuma je ka sa wando."