Ranar da Na Yi wa Surukina Gyara a Ɗakin Albarushi

Ko da zan manta da komai na zaman London, ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a gidan surukina ba. A lokacin ina sabon ango, kuma ba ni da burin da ya wuce a ce Rukayya ta yi dacen miji mai hankali.

Mahaifinta tsohon likitan ido ne. Tun da ya yi ritaya ba shi da abin da yake so kamar wasan harbin allo da bindiga a wani kulob da ke wajen gari. Yana da lasisinsa, har 'yan sanda kan zo duba ma'ajiyar bindigoginsa. Harsasansa ma da kansa yake ɗurawa, a wani ɗan ɗakin katako a bayan gidansu da ke kusa da Stratford. Ko Hajiya, matarsa, ba ta leƙa ɗakin. Shi ya sa ranar da ya ce, "Malam, zo ka ga inda nake ɓuya," sai da kaina ya kumbura.

Muka shiga, ya ɗauko gwangwanaye biyu ya ajiye a kan tebur, ya fara bayani. Ni kuwa, kamar kowane suruki na gari, na sunkuyar da kai ina kallon takalmina, ina ta jera "Haka ne, Baba" (Allah ya sani ban ji ko kalma ɗaya ba, tunanina na kan ko tsayuwata ta yi ladabi). Ana cikin haka Hajiya ta ƙwala masa kira, wai ana nemansa a waya daga Kano.

Da ya fita na ɗaga kai. Gwangwanayen nan kowanne bai kai rabi ba, kuma abin da ke ciki duk baƙin gari ne mai tsaba-tsaba. To ni a gidan da na tashi, mahaifiyata ba ta yarda a ga rabin kwano biyu na abu ɗaya. Juyewa ake yi a wanke guda. Na ce yau Baba zai san ya samu ɗa. Na juye ɗaya cikin ɗaya, na rufe, na girgiza sosai don su haɗu, na goge teburin da hannun rigata, na koma na tsaya kamar ban taɓa motsi ba.

Ya dawo yana murmushi, ya nuna min wani jadawali da ke manne a bango. Ya ce, "Ina muka tsaya? Yauwa. Wannan jerin albarushi ne, daga mai saurin cin wuta zuwa mai nawa. Na fito da biyun ne don ka gwada su da idonka. Kamarsu ɗaya, amma ɗaya na can sama, ɗaya na can ƙasa. In mai sauri ya shiga gurbin mai nawa, bindigar ce za ta tarwatse a fuskar mai harbi. Na taɓa yi wa wani aiki a ido saboda haka, kuma bai samu idon ba."

Wallahi sai a lokacin na gane abin da na aikata. Ya jawo gwangwanin da na cika, bai duba ɗayan ba, ya ce bari ya ɗura harsasan gasar da zai shiga gobe ina kallo.

Yanzu ku faɗa min, ta ina mutum zai katse surukinsa? Ni da ko ruwa ba na iya sha a gabansa? Na yi tari. Ya ce, "Sannu." Na sake yin tari. Ya ce Hajiya na da zuma. Ya buɗe murfi, ya ɗauki ɗan cokalin awo. Na kalli idanunsa ta bayan tabarau, na ga dai babu mafita, sai na zube ƙasa na tsugunna.

"Baba, ina da magana."

Ya ajiye cokalin da sauri. "Subhanallahi! Wani abu ne tsakaninka da Rukayya?"

"A'a Baba. Gyara na yi maka."

Na nuna masa gwangwanin da babu komai a ciki. Ya ɗauka, ya leƙa, ya kifa shi. Ya daɗe yana kallona, sannan a hankali ya ce, "Ka girgiza?"

"Sosai, Baba." (Har yau ban san dalilin da ya sa na ƙara "sosai" ba.)

Ya zauna a kujera ya cire tabarau. Ya liƙa wa gwangwanin takarda ya rubuta kada a taɓa, ya kira wani abokinsa na kulob ya tambayi yadda za a rabu da shi lafiya, ya kuma ce a cire sunansa daga gasar gobe. Duk ina tsugunne.

A wajen cin abinci ya ba da labarin tiryan-tiryan. Rukayya ta saki cokali ta ce, "You did what?" Hajiya kuwa dariya ta yi har da hawaye, ta ce a ba ni kicin ɗinta in haɗe mata gishiri da sukari.

Da zan tafi ya rako ni bakin ƙofa. Ya ce, "Nawa laifin ya fi, Malam. Ba a barin iri biyu a kan tebur lokaci guda, ni na karya ƙa'ida. Ɓarnar da ka yi ta gwangwani biyu ce. Da ka ji kunyata ka yi shiru, da gobe da idona za a biya."

Na ce, "Haka ne, Baba", kuma a karon farko na ji abin da nake amsawa. Tun daga ranar na sauya tsarin ladabina a gidan surukai: hannuwa a aljihu, kunne a buɗe, in na yi ɓarna kuma in faɗa tun kafin a ɗauki cokali.