Yadda Za Ka Sa A Raɗa Wa Ƙwayar Bakteriya Sunanka

Kai mai son sunanka ya wuce Buza ya kai Yamai, matso kusa. Masana na tonon ƙasa suna neman ƙwayoyin da ido ba ya gani, masu fitar da sinadarin haɗa magani. Hanyata ba ta kuskure. Maƙwabcina Maiguwa na Tabotaki ya bi ta, ya dace.

1. Samu mai bincike a dangi

Maiguwa na da Raihana, ɗiyar ƙanwarsa, mai aiki a laburatuwar, ɗakin binciken masana a Yamai. Ta zo hutu da cokali da ƙananan kwalabe na ɗibar ƙasa. In ba ka da irinta, aurar da ɗanka inda akwai.

2. Yabi gonarka

Ya ja ta har gonarsa, ya kara kunne a ƙasa. "Kin jiya? Motsi su kai."

"Kawu, ba a jin su."

"Na wasu ne ba a ji."

3. Karrama baƙi

Kada fartanya ta taɓa gonar, za ka sare wani muhimmi. Maiguwa ya hana noma, ya riƙa zuba wa ƙasa fura. Matarsa Saude ta ce, "Malam, mi za mu ci bana?" Ya ce, "Suna." Mai ilimi ba ya tsawaita amsa.

4. Shirya walima tun labari bai iso ba

Sayi rago, gayyaci unguwa. Da Raihana ta kira daga Yamai, Maiguwa ya buɗe muryar salula don kowa ya ji.

"Kawu, mun samu sabuwar ƙwaya a gonarku. Za mu sa mata sunanku."

Mata suka rangaɗa guɗa. Ya gyara rawani. "Wace cuta taka warkarwa?"

"Ba mu sani ba tukuna. Amma sinadarinta wari gare shi, har mun buɗe tagogi. Duk ƙwayar da ta matso kusa da Maiguwa, mutuwa take."

5. Daure

Mahfuzu mahauci, da ke zaune kusa da shi, ya ɗauki kwanon namansa ya koma inuwar bango.

Sanarwa: ni shawara na bayar, ban shinshina kwalbar kowa ba. In rumbunka ya kwana wayam, ko ka ga gurbi hagu da dama a sahun salla, kada ka zo gidana. In ya zama dole, tsaya daga bakin zaure.