Yadda Za Ka Lalata Motar Tserenka Ka Zo Na Ƙarshe Ba a Gane Ba

Masu koyar da cin tsere sun yi yawa. Ni Japie Windvogel zan koya maka abin da ya fi wuya, wato zuwa na ƙarshe da gangan a gaban dattawa goma sha huɗu masu tabarau, kuma ko ɗaya bai gane ba. Ka bi matakan nan bakwai, na ba ka tabbacin ko ƙwaron da ya hau titin bisa kuskure sai ya riga motarka isa.

Shaidata ita ce shekara goma sha ɗaya a jere ni ke zuwa na ƙarshe a kulob ɗinmu na tseren motocin wasa da ke garin Kariega a Afirka ta Kudu, inda muke taruwa kowace Asabar da rana a zauren bayan coci. Motocin ba su wuce tafin hannu ba. Suna bin tsagi a titin katako, lantarki na jansu, mu kuma muna tsaye muna matsa kunamar 'yar na'urar tuƙi da ke hannunmu, da fuskar masu tuƙa jirgin sama. Gaskiya ne a shekarun nan ba da gangan nake yi ba, amma ƙwarewa ai ƙwarewa ce.

Mataki na ɗaya: Samo dalili

Kada ka lalata mota haka kawai. Nawa dalilin sunansa Barend Jantjies, abokina tun muna aiki a masana'antar motoci. Sau shida yana cin kofin kulob. Bara matarsa ta rasu, hannunsa ya fara rawa, motarsa ta fara fita daga tsagi a duk kwanar da da yake bi ido rufe.

A kulob ɗinmu, wanda ya zo na ƙarshe a lissafin shekara ana ba shi cokalin katako ya ajiye har baɗi. Saura tsere ɗaya a rufe shekara, sai ga Barend maki biyu kacal a samana. Muna shan shayi ya ce, "Japie, ranar da aka miƙo mini cokalin nan, ranar zan rufe akwatin motocina. Ba za ka sake ganina a zauren nan ba."

Na ce, "Haba Boet, cokalin fa yana da kyau." Boet ɗan'uwa ke nan a yarenmu.

Ya ce, "A hannunka yake da kyau."

Na san inda zai koma in ya rufe akwatin. Kujera ce guda, tana kallon bango. Sannan duk garin shi kaɗai ke bari in ba shi labarin mafarkina har ƙarshe. Ga kuma matata Magriet, wadda da cokalin take tuƙa tuwon masara, ta sha faɗa cewa shi kaɗai ne abin amfanin da na taɓa kawowa daga wasan yaran nan.

Ka kiyaye, kada wanda kake yi dominsa ya gane. Tsohon zakara zai yafe maka zagi, amma in ya ji ƙanshin tausayi, kunamar zai fasa maka a ka.

Mataki na biyu: Dafa shasin

Cire jikin motar, ka fito da shasi, wato faffaɗar robar da inji da tayoyi ke zaune a kai. Tawa shekara talatin a ɗan karkace take, taya ɗaya a sama kamar kare a gindin falwaya. Wannan shi ne sirrin gudu, don taya uku sun fi huɗu saurin yanke shawara. Aji biyar na tsaya a makaranta, amma wannan da kaina na gano.

To, kashe sirrin. Shimfiɗa shasin a tiren ƙarfe, danne shi da maganaɗisun da ake mannawa a ƙofar firji, ka tuttula masa tafasasshen ruwa, ka bar shi ya huce a hankali. Duk abin da aka dafa ƙarfinsa ya tafi. Dubi kabeji.

Magriet ta shigo ta same ni a kan tirenta na gasa burodi. Ta ce, "Japie, me kake dafawa?"

Na ce, "Mota."

Ta ce, "To ka sa gishiri, don shi za ka ci da rana."

Da ya huce, shasin ya kwanta lif, tayoyi huɗu duk a ƙasa, kamar wanda ya yanke ƙauna da duniya. Haka ake so.

Mataki na uku: Ci zarafin tayoyi

Sabuwar taya mai sheƙi ita ce mai gudu, shi ya sa ban taɓa barin komai ya taɓa nawa ba sai man goge takalmi. Yanzu ka shimfiɗa samfefa a tebur, ka kunna injin, ka riƙa taɓa tayoyin baya a kai har sheƙin ya mutu, tudun da ke tsakiya ya baje, gefunan su zama gundul. Sannan ka mirgina su a kan salatif ya kwashe sauran albarkar da ta rage.

Idan ka taɓa su ka ji suna kama yatsa, ka yi murna. Abin da ke manne wa ƙasa ina zai je?

Mataki na huɗu: Sassauta noti

Shekara talatin da huɗu ina saka robar ƙofa a masana'anta, abu ɗaya shugaban sashenmu ya koya mini: ɗaure har ya yi kuka. Haka nake ɗaure notin da ke haɗa jikin motata da shasi, sai sukundireba ta kusa lanƙwashewa. Yanzu ka mayar da kowane noti baya rabin juyi. Girgiza motar kusa da kunnenka. In ka ji jikin yana ƙwas-ƙwas kamar haƙoran roba a kofi, ka gama. Motar da ba ta riƙe kanta ba, ba za ta riƙe hanya ba.

Mataki na biyar: Ɗora mata kaya

Nemo dalmar da masu kamun kifi ke ɗaurawa a zare, ka daka ta da guduma ta yi faɗi, ka manna ta a cikin shasi, can ƙasa, dama da hagu. Nauyi maƙiyin gudu ne. Duk wanda ya taɓa ɗaukar surukarsa a bayan keke ya sani.

A nan sai ka ba direban haƙuri. Kowace mota da ɗan direbanta na roba a ciki, kuma in ka buɗe za ka ga daga ƙirji aka yanke shi, ba shi da ƙafafu. Na daɗe ina tunanin wannan al'amari. Da me yake taka birki? Me yake gani idan katon hannu ya sauko daga sama ya mayar da shi hanya? Nawa sunansa Kosie. Na gaya masa don Barend muke yi. Bai ce komai ba, kuma na ɗauka ya yarda.

Mataki na shida: Tuƙa kamar mai ɗauke da ƙwai

Ranar tsere, ka miƙa motar ga mai dubawa da fuskar marar laifi. Namu shi ne Meneer Ferreira, wato Malam Ferreira, shugaban kulob, wanda ke saka farar riga ta likita don ya auna motar wasa. Ya ɗora tawa a sikeli, ya leƙa ƙarƙashinta da tocila, ya shinshina tayoyin ko na shafa haramtaccen mai.

Ya ce, "Oom Japie, tana ƙara." Oom ɗin nan kawu ke nan, haka ake kiran dattijo a wajenmu.

Na ce, "Tsufa ne, Meneer. Ni ma ina yi."

Aka wuce da ita.

Ga dokar tuƙi. A da, da zarar an ce a tashi, nakan matse kunama har ƙarshe, ba na saki sai an gama, don lantarki ba ya son a yi masa wasa da hankali. Hakan ya sa motata ta san teburin shayi fiye da yadda ta san titi. Yau kuwa ɓata lokaci kake so, saboda haka ka saki kunama kafin kowace kwana, ka bi ta a hankali, sai ka miƙe sannan ka matsa. Ka lissafa yawan kwanonin, ka ga lokacin da za ka zubar.

Minti uku ake yi a kowane tsagi, tsagi huɗu, kowanne da launinsa. A na farko motar ba ta fita ba ko sau ɗaya. Masu tsayawa a kwana don mayar da motocin da suka faɗi suka fara kallon juna. Ɗaya ya ce, "Oom Japie, lafiya? Tun ɗazu nake jiranka."

A na biyu na wuce Barend sau uku. Duk sanda na zo wucewa sai in ce wa Kosie ya sunkuyar da kai.

A na uku hankalina ya tashi. Na ce to bari in jefar da ita da kaina. Na nufi babbar kwanar nesa, wadda ke kusa da teburin shayi, na matse kunama tun daga tsakiyarta. Tannie, wato innar da ke sayar mana da soyayyen fulawa mai zaƙi da ake kira koeksister, har ta ɗaga farantinta, don ta saba. Motar ta ɗan karkaɗa baya, ta manne, ta wuce. Allon lissafi ya yi ƙara. Meneer Ferreira ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya sanar cewa ba a taɓa zagaye shuɗin tsagi da sauri irin wannan ba tun da aka kafa kulob.

Na zo na biyu, bayan Dakta Nomhle mai cire haƙori, wadda bana ba a taɓa kayar da ita ba. Barend ya zo na ƙarshe a ranar, ya zo na ƙarshe a shekara.

Kada wannan ya sa ka shakkar matakan. Matakan daidai suke, motar ce ba ta da tarbiyya.

Mataki na bakwai: Rufe bakinka

Da hannuna na miƙa wa Barend cokalin, da sauran ƙanzon tuwo a bayansa. Aka yi tafi kaɗan-kaɗan. Ya karɓa, ya daɗe yana kallona, na lura hannun ba ya rawa.

Ya ce, "Shekara talatin kana tuƙi kamar wanda ƙudan zuma suka biyo. Me ka sa mata?"

A nan ne za ka so ka faɗi gaskiya. Kada ka kuskura. Na ce, "Sirri ne, Boet."

Ya ce, "Sirrin uwar wa? Kai da ko batir ba ka iya sakawa daidai ba? Maguɗi ka yi, kuma sai na kama ka, ko zai ɗauke ni shekara goma."

Na ce, "Akwatin fa? Na ji kamar an ce za a rufe."

Ya ce, "In rufe in bar wa ɓarawo zaure? Kana hauka."

Washegari Lahadi, ana tashi daga coci, sai ga shi a ƙofarmu, cokali a hannu ɗaya, motarsa a ɗayan. Magriet ta zare cokalin ko gaisuwa babu, ta ƙara faranti na uku a tebur. Yau Lahadi ta tara ke nan. Yana zuwa bincike, yana buɗe min durowa, yana cin tuwo da nama, kuma don ya samu ya kama ni da magana yana barina in ba shi mafarkina har ƙarshe.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu bai ɗauki alhakin kofi, tafi ko wani mutunci da zai same ka ba sakamakon bin shawararsa. Alkawarin zuwa na ƙarshe na yi maka, in ka zo na biyu, kai da motarka ku sasanta. Ba ruwana da tiren matarka, ko baƙon da zai saba da teburinka. Idan ka haɗu da Barend Jantjies, ba ka san ni ba, ba ka karanta komai ba. Makon jiya ya bar mini motarsa ya ce in yi mata duk abin da na yi wa tawa, in ba haka ba ya kai ni gaban Meneer Ferreira. Raina bai so ba, don ba a yi wa aboki haka, amma ga ta can a tire, ruwa ya kusa tafasa.