Kowa Haƙori Goma Sha Bakwai

"Lafiya lau, mijin da ba ya cefane," in ji Kaka daga kan tabarmarta a ƙofar ɗaki. "Yau kuma ɓatan hanya ka yi?"

Jikan nata, ma'aikacin ofishin ƙididdiga, ya durƙusa ya ajiye mata ƙunshin gasasshen nama. Ba don Allah ya kawo ba. Gobe zai tsaya gaban manya ya karanta sakamakon aikinsa na farko, kuma ya ci burin yin haka da agogon marigayi kakansa a hannu. Agogon kuwa yana can ƙasan akwatin tsohuwa, ko ƙuda ba ta yarda ya sauka a kansa.

"Albishir, tsohuwa. Kin yi arziki."

"Ni? Yaushe, ban ji ba?"

"Lissafi ya nuna. Mun tara duk abin da mutanen yankin nan suka samu a shekara, muka raba da yawan kawuna. Rabon kowa ya ƙaru."

"Har da kaina a ciki?"

"Har da shi, ko da yake ba komai a cikinsa sai rigima."

"To miƙo nawa."

"Ai ba a hannu ake bayarwa ba. Awo ne kawai."

"Wato ni da mai gidan man bakin titi samunmu ɗaya?"

"A lissafe, ƙwarai."

"Kai, ubanka ya yi asarar kuɗin makaranta!"

Ta kwance ƙunshin, ta dubi naman, ta dube shi, sannan ta wangale baki. Haƙora biyu ne suka rage, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ko gaisawa ba sa yi. Kullum da giɓin nan yake zolayarta, amma yau da yake neman alfarma sai ya kwaso mata nama!

"Haƙoranka nawa, malamin lissafi?"

"Talatin da biyu cif."

"Nawa biyu. Tara ka raba mana."

Ya sosa ƙeya. "Kowa goma sha bakwai."

"Alhamdulillahi! Ashe cike bakina yake ban sani ba! A kira makaniki ya zo da filaya, yanzu zan karɓi sha biyar ɗina."

Ya toshe baki da hannu biyu, dariya ta kayar da shi kan tabarma.

"Na tuba, uwargida! Wallahi gobe zan gaya musu rabo ya ƙaru, amma akwai waɗanda ko ƙanshinsa ba su ji ba."

"Ka faɗa da ƙarfi, manyan nan kunnensu ya fi nawa nauyi."

Ya riga ya fid da rai da agogo, ya rasa ta inda zai fara roƙo. Sai ga Kaka ta dafa bango ta shiga ɗaki. Ya ji ƙarar murfin akwati. Ta fito da agogon, ta kamo hannunsa ta ɗaura masa da kanta, tana ta mita wai tsintsiyar hannun kamar ta kaza.

"Tun da ka shigo idonka ke kan akwatina. Ka kai shi gaban manya, shi ma ya sha iska."

Ya buɗe baki zai yi godiya, ta tura masa ƙunshin.

"Rufe mini baki. Zauna ka tauna naman nan da haƙorana sha biyar, ka gaya mini ko na ji daɗinsa."