Yadda Za Ka Sauko da Mahaifiyarka Daga Hawa na Bakwai Cikin Minti Huɗu

In kana zaune a ƙololuwar bene, kuma kana da tsohuwa mai ciwon gwiwa a gida, gyara zama ka karanta wannan da kyau. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ranar da gobara ta tashi za ka iso ƙasa cikin minti huɗu da goyonka a baya. Ni da nake maka magana na gwada, kuma duk mutanen benenmu shaida ne. Har yau in na wuce sai sun nuna ni da baki.

1. Ka fara da jin tsoro

Ba a shiri sai da tsoro. Ka fita baranda ka leƙa ƙasa, ka ga yadda mai gadi ya koma ɗan mitsitsi. Daga nan ka je ka karanta takardar da aka liƙa jikin lif, wadda ta ce in wuta ta tashi kada kowa ya shiga. Namu lif ɗin dama ko ba wuta sai ya ga dama yake aiki. Sai ka ƙirga matakala. Namu ɗari da ashirin da shida ne, na ƙirga sau uku ko za su ragu. Yanzu ka dawo ka dubi Inna, mahaifiyarka, wadda daga ɗakinta zuwa falo sai ta tsaya ta huta a jikin firij. In har yanzu tsoro bai kama ka ba, ka sake leƙa barandar.

2. Ka haɗa jakar gaggawa, ka kare ta daga mutanen gidanka

Masana sun ce a zuba tocila, batir, ruwan gora, filasta, kifin gwangwani, biskit da kwafin takardu. Abin da masana suka ɓoye shi ne, ba wuta ce ke cinye jakar ba. Batir zai koma cikin rimot tun makon farko. Kifin kuwa, matarka za ta ce, "Maigida, baƙi ne suka zo ba sanarwa, ai shi ma gaggawa ne." Ka yi faɗa sosai, ka nuna ɓacin rai. Biskit ɗin kai za ka riƙa ɗanɗanawa kullum don ka tabbatar bai lalace ba, wannan aikin shugaban gida ne. Ka rataye abin da ya rage a ƙusar bayan ƙofa, inda ba yadda za a yi ka manta da shi.

3. Ka nemi yardar tsohuwa, ka sha kashi

Ka je ka durƙusa gabanta da ladabi, ka ce, "Inna, so nake mu gwada in goya ki zuwa ƙasa, saboda ranar tsautsayi."

Tawa Innar ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Kai, tafi can. Ni buhu ce? Shekara biyu na yi ina goyonka, da wa na yi gwaji? Ranar da wutar ta zo, ka zo ka ɗauke ni."

Kada ka yi gangancin tambayar nauyinta. Ni na tambaya, ta ce ko mai saye na samu. Ka auna ta da ido kawai, ka yanke kilo hamsin. Ka kuma lura, cikin faɗanta ta ba ka shawara ba ta sani ba, tunda ita ta ambaci buhu.

4. Ka sayo buhu

Na shinkafa, mai kilo hamsin cif. Ka zaunar da shi kan kujerar da ke bakin ƙofar falo. Don abin ya yi kama da gaske, ka ɗaura masa tsohon ɗankwalin Inna, ka tanadi zanen goyo mai ƙwari, ka riƙa yi masa magana mai daɗi. Mutumin da ake ceto yana bukatar a kwantar masa da hankali.

Matarka za ta tsaya da ludayi a hannu ta ce, "Maigida, shinkafar nan ta ci ce ko ta goyo?" Ka kafa doka nan take. Duk gwangwani ɗaya da aka ɗiba, nauyin Inna aka rage, kuma lissafin ceto ya rushe.

5. Ka yi atisaye har jikinka ya daina shawara da kai

Kowace Asabar da safe ka hura usur, ka durƙusa, buhu a baya, zane a ƙirji, ƙofa, matakala. Sirrin duka shi ne jiki ya haddace aikin, ta yadda ranar gaske ƙwaƙwalwa za ta zauna ta huta.

Ranar farko minti goma sha ɗaya na yi, na kuma watsar da takalman telan da ke hawa na huɗu. Mako na biyu telan ya fara fitowa yana gaida buhun: "Ina kwana, Inna? Ya gwiwar?" Ka bar shi, hassada ce. Komowa sama da buhun sai ka jira lif, in ya ƙi ka roƙi mai gadi ya kama maka gefe. Cikin wata uku na sauko da lokacina zuwa minti huɗu da daƙiƙa goma, cinyoyina suka yi tauri, har tafiyata ta canza.

Inna takan leƙo daga ɗakinta ta ce wa buhun, "A sauka lafiya." Wata Asabar ta ƙara da cewa, "Ɗan nan, ni fa ɗakina ba a bakin ƙofa yake ba." Kada ka tsaya sauraro, agogo na tafiya. Tsofaffi dama akwai son magana.

6. Ranar gaske, kada ka yi tunani

Tamu ta zo ran Lahadi da hantsi. Telan nan ya bar dutsen guga kan rigar mutane, ya sauka sayen zare. Matata tana ƙasa wajen mai kayan miya. Sai hayaƙi ya biyo matakala, mai gadi ya kama ihun wuta.

A nan za ka ga amfanin wahalarka. Ban san lokacin da na hura usur ba, ni kaɗai a falo. Na durƙusa, na ɗaure, na fita. A hawa na huɗu na ratsa hayaƙi ina cewa, "Riƙe ni da kyau, Inna, mun kusa." Na dira tsakar gida cikin minti uku da daƙiƙa arba'in da takwas, abin da ban taɓa yi ba.

Ka sauke goyonka a hankali, ka gyara masa ɗankwali, ka miƙe ka dubi jama'a. Za ka ga ba wanda ya tafa. Matarka za ta matso ta ce a hankali, "Maigida, ina Inna?"

Ni dai nuna buhun na yi. Hannuna ya tsaya a miƙe ya ƙi dawowa. Ban taɓa jin tsoro da kunya sun haɗu a cikina irin na lokacin ba.

7. Ka koma sama

Wannan ne matakin da ba ka taɓa gwadawa ba. Mai gadi zai riƙe maka riga ya ce 'yan kwana-kwana suna hanya. Ka bar masa rigar. Hawa ba sauka ba ne, ƙirjinka zai yi zafi, hayaƙin zai shiga idonka, ka ci gaba.

Tsakanin hawa na shida da na biyar na same ta, zaune kan matakala, tana jan jiki taki ɗaya bayan ɗaya. Ta jiƙa tawul ta rufe hanci. Ta kashe gas, ta ja ƙofa. A cinyarta ga jakar gaggawar nan da ba yadda za a yi in manta da ita.

Ta janye tawul ɗin ta ce, "Ina jin ka tun daga sama kana ce mata ta riƙe ka da kyau. Na ce to madalla, ta yi sa'ar ɗa."

Na matsa kusa da ita. Ta ce, "Durƙusa mana. Gwiwar nan ta gaji."

8. Ka ɗauke ta

Ka yi shirin kilo hamsin, ka yunƙura da ƙarfi, sai ka kusa kifawa. Wallahi Inna ba ta kai buhun ba, ko kusa. Wata uku ina tare da buhu, na san inda yake danne ni da inda yake zamewa, ban san uwata ta rame haka ba. Raina ya sosu ƙwarai. In hawaye ya zo maka, ka ɗora wa hayaƙi laifi, akwai shi da yawa a wurin.

Na ɗauki gudu yadda na saba, ta dungure min ƙeya ta ce, "A hankali, ba tsere muke ba." Minti tara muka yi. Kafin mu iso, mai gadi ya kashe wutar da bokiti biyu, rabin riga da teburin guga ne suka tafi. Telan yana tsaye ya rasa wa zai gaisar, tsohuwar ko buhun.

Ranar aka farke buhun aka ɗora tukunya. Da aka kai wa Inna nata, ta ce, "Rage min, 'yar'uwata ce, ba na iya cinta da yawa." Na zauna kusa da ita har ta cinye, na ƙara mata.

Yanzu da ita muke atisayen, bisa sharaɗi ɗaya: usur ɗin yana hannunta. Tana hura shi in tana son shayi, da in rimot ya faɗi ƙarƙashin gado, da in ta ga na daɗe ban leƙo ba. Duk sanda ta hura, ɗakinta nake fara nufa.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ya wanke hannunsa daga ciwon baya, zubewar shinkafa, ɓatan takalman maƙwabta da duk sunan da mutanen benenku za su laƙaba maka. Ba ni na ce ka zauna a hawa na bakwai ba. In ka iso ƙasa cikin minti huɗu aka tambaye ka ina tsohuwarka, kada ka ce ni na koya maka. Ka juya ka hau.