Yadda Ake Ƙera wa Suna Asali, Daga Bakin Kefadi Ɗaya Tilo

Idan kana cikin bayin Allahn nan da duk inda suka faɗi sunansu sai an ce "Na'am? Maimaita," to matso kusa, kakarka ta yanke saƙa. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, kafin wata ya zagayo masu yi wa sunanka dariya za su koma tambayarka ko da sauran irinsa. Ba shaci-faɗi nake yi ba. Sunana Kefadi, shekarata hamsin da takwas, ina da shagon buga takardu da fotokofi, kuma na shekara arba'in ina wannan sana'a ta biyu ba a kama ni ba. To, kusan dai.

Mataki na ɗaya: Tabbatar ba mai faɗa maka gaskiya

Ba a gina ƙarya a filin da ke da mai shi, don haka fara da iyayenka. Ni na tambayi mahaifina, Allah ya jiƙansa, ranar da 'yan ajinmu suka rako ni har ƙofar gida suna tafi suna cewa "Kefadi ka faɗi, ka faɗi jarrabawa." Baba mutum ne da ba a yi masa tambaya biyu. A gidanmu shi ke zaɓen launin labule, shi ke sanar da mu cewa mun ƙoshi. Ya leƙo ta saman jarida ya ce, "Je ka tambayi uwarka." Inna kuma ta ce, "Ubanka ya raɗa, je ka tambaye shi," tana dariya ƙasa-ƙasa.

Da zarar an fara yi da kai kamar ƙwallo haka, fili ya zama naka.

Abu ɗaya ne ya ɗaure mini kai a lokacin. Duk sa'ad da Baba ya ƙwala mini kira, Inna ke riga ni amsawa. "Kefadi!" Sai ka ji ta daga kicin: "To, ni dai a ganina a gyara rufin nan kafin ya faɗo mana a ka." Na ɗauka kunne ne ya fara yi mata gardama. Kai ma in ka ga irin haka a gidanku ka share, mai bincike ba ruwansa da surutun iyaye.

Mataki na biyu: Zaɓi ƙasar da ba mota mai zuwa

Kuskuren sababbin shiga shi ne su jingina sunansu da yaren da masu shi ke nan da ransu. Kada ka kuskura. Wata rana za ka ci karo da mai jin yaren a layin asibiti, ya gaya maka a gaban jama'a cewa ma'anar sunanka murfin tukunya.

Nemi daular da ruwa ya cinye. Tawa wani tsibiri ne a can bayan teku, ya nutse da sarakunansa da ɗakin karatunsa a rana ɗaya. Duk mai son shaida ya je ya tambayi kifi.

Sai ma'ana. Dole ka sa dabba mai haƙori a ciki. Ban taɓa ganin wanda aka buɗe wa baki don an ce sunansa na nufin mai haƙuri ba. Ni na ce Kefadi na nufin "zakin da ba ya waiwaye." Idan za ka faɗi taka, ka faɗe ta a hankali, kana kallon nesa, kamar wanda ya tuna da kakanninsa na cikin ruwa.

Mataki na uku: Zuba musu alƙaluma

Mutum zai yi gardama da kai, zai yi da ubanka, amma da ya ji "kashi kaza cikin ɗari" sai jikinsa ya yi sanyi. Ga nawa ka kwaikwaya.

Kashi ɗari cikin ɗari na masu sunan Kefadi maza ne. Dukkansu masu zaman kansu ne, ba sa aiki a ƙarƙashin kowa. Ba a taɓa ɗaure ko ɗaya daga cikinsu ba. Sun fi yawa a layi guda, tsakanin shagon tela da kantin magani. Sanƙo kan kama su da wuri, abin da masana ke dangantawa da yawan tunani. Farin jinin sunan ya kai ƙololuwa shekara hamsin da takwas da suka wuce, kuma tun daga nan bai ragu da ko mutum ɗaya ba.

Ka lura, ba ƙarya ko ɗaya a nan. Kada dai ka yarda a tambaye ka su nawa ne.

Mataki na huɗu: Buga shi a takarda

Magana iska ce, amma abin da ya fito daga firinta ya zama ilimi. Na buga tarihin nan da manyan baƙaƙe, na sa hoton zaki, na rufe shi da roba, na rataye a saman injin fotokofi, inda duk mai jiran takardarsa ba shi da abin kallo sai shi. Da intanet ta zo, na buɗe masa shafi. In an tambaye ni inda na samo na bango, in nuna shafin. In an tambayi inda shafin ya samo, in nuna bango.

Mataki na biyar: Kada ka gaya wa 'yarka

Nan ne ni na yi tuntuɓe, kuma da zuciya ɗaya nake gargaɗinka. Abokin ciniki zai ji ya manta, amma ɗanka zai ji ya riƙe.

'Ya ɗaya Allah ya ba ni, 'Yar Baba muke ce mata. Tana aji huɗu ta rubuta insha'i a kan asalin sunan mahaifinta, ta zo ta ɗaya, aka ba ta kyautar ƙamus. Ranar da za a cire mata haƙori, ta ƙanƙame hannuna ta ce wa likita, "Cire, ni 'yar zakin da ba ya waiwaye ce." A nan ya kamata in tsaya. Ban tsaya ba, saboda ba a taɓa kallona yadda yarinyar nan ke kallona ba.

Ta girma, ta yi aure, ciki ya tsufa. Rannan ta shigo shago tana dafe da ƙugu, ta zauna a kujerar masu jira ta ce, "Baba, mun yanke shawara. In namiji ne, sunanka za mu sa masa."

Na ce takarda ta maƙale a inji, na zagaya bayansa na durƙusa. Ba abin da ya maƙale, kuka na yi. Kai da kake da takwara goma a unguwarku ba za ka gane ba. Ni tun da nake ban taɓa juyawa don an kira wani ba.

Mataki na shida: Guji suruki mai karatu

In da hali, aurar da 'yarka ga direba ko mai gyaran famfo, mutanen da ke da abin yi. Ni malamin lissafi na samu, irin wanda ke karanta takardar cikin kwalin magani har ƙarshe. Yaron kirki ne, amma ba tambayar da ba shi da amsarta, kuma wadda ba shi da ita ba ya barinta ta huta.

Ya zo shago da littafi da biro, ya gaishe ni har da rusunawa.

"Baba, so nake in haɗa wa yaron tarihin sunansa tun kafin ya zo. Tsibirin nan, a wane teku yake?"

"Ai ya nutse."

"Na gane, Baba. A ina ya nutse?"

"A ruwa."

Ya rubuta. Wallahi ya rubuta. Sannan ya ce, "Na kuma duba shafin nan na intanet. Lambar wayar da ke ƙasansa, kamar ta shagonku ce."

Ga dabarun da ake amfani da su a irin wannan hali: tari, tayin shayi, ko kunna inji mafi ƙara. Na yi duka ukun. Ya jira har injin ya yi shiru, ya rufe littafinsa ya ce, "Ba komai, Baba, kada ku wahalar da kanku. Gobe za mu zo gida mu tambayi Kaka."



Mataki na bakwai: Ɓoye tsohuwa

Inna ta haura tamanin, a gidana take, kuma kunnen nan da na ce yana gardama yana jin buɗe firji daga ɗaki na uku. Na yi mata tayin ziyarar ƙanwata, ta ce ƙafa. Na ce a ce tana barci, ta ce ba ta barcin rana tun da aka haife ni. Da la'asar suka iso, suka same ta a falo tana ware maɓallai a faranti.

'Yar Baba ta zauna kusa da ita ta ce, "Kaka, ba mu labarin tsibirin su Baba."

"Wane tsibiri? Ubanki ko kwale-kwale bai taɓa shiga ba."

"Inda sunansa ya fito mana. Zakin da ba ya waiwaye."

Inna ta dube ni ta saman tabarau, ta daɗe tana dubana. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

"Kai, ashe abin da ka rataya a shago ke nan? Ni na ɗauka tallan sabulu ne." Ta ture farantin gefe. "Ku saurara. Kafin shi na haifi uku, ba wanda ya zauna. Duk kakanku ne ya sa musu suna, bai tambaye ni ba, don shi ba ya tambaya. Da wannan ya zo, muka je ofishin rajistar haihuwa, ina rungume da shi. Akawu na bayan taga, yana ta duban agogo, lokacin tashinsa ya yi. Ya ce, 'Sunan yaro?' Kakanku ya buɗe baki, ya kasa. Mutumin da bai taɓa shawara da ni a kan ko tsintsiya ba, sai ga shi ya waiwayo, idonsa ya kawo ruwa, ya ce mini, 'Ke faɗi.' Kafin in haɗiye miyau akawu ya rubuta, ya buga hatimi, ya ja taga."

Suruki ya buɗe littafinsa, ya kuma rufe.

Na ce, "Inna, me ya hana ku komawa a gyara?"

"Ya so komawa, ni na hana. A gyara me? Sau ɗaya ya faɗa da ransa, amma daga ranar duk sa'ad da zai kira ka sai ya sake faɗa. Ya ce ke faɗi, ni kuwa in faɗi. Da sunanka na sa aka gyara rufi, da shi na sa aka kai ƙanwarka makaranta. Shekara arba'in yana kira ina amsawa, kuma ya san abin da nake yi, bai taɓa cewa ba da ni yake ba."

"To wane suna kika so ki faɗa ran nan?"

"Oho. Wa ya tuna? Kai dai ka zauna, shi ne abin da nake so."

Mataki na takwas: In asiri ya tonu, sauke allon da kanka

'Yar Baba ba ta yi dariya ba, ba ta yi kuka ba. Ta miƙe da ƙyar, ta ɗauki jakarta, a bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Baba, ƙamus ɗin nan, in mayar musu ne?"

Na sha zagi a rayuwata, amma ba wanda ya taɓa shiga jikina kamar wannan tambaya. Washegari na sauke allon zakin nan daga bangon shago, na goge shafin. Inda allon yake fenti ya fi haske, masu jiran fotokofi suka koma kallon wurin. Mako uku tana gaishe ni a waya, gaisuwa ba ƙari. Na san na rasa takwara, kuma tsorona kada abin ya wuce takwara.

Mataki na tara: Sabunta alƙalumanka

Mace ta haifa. Na yi murna, na kuma ce a raina shi ke nan, Allah ya raba gardama, ba sai an ce mini an fasa ba.

Ranar rajista suka ce in raka su, wai in riƙe jaka. Ma'aikaciyar na bayan gilashi, yatsunta a kan kwamfuta, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Sunan jaririya?"

Suruki, mai amsar kowace tambaya, ya gyara tsayuwa. Sai ya waiwaya ya dubi matarsa ya ce, "Ke faɗi."

'Yar Baba ta ce wa ma'aikaciyar, "Kin ji ai. Rubuta. A haɗe yake."

"Suna ne wannan? Daga ina ya samo asali?"

Ta gyara wa jaririya hula, ta dube ni ido cikin ido, irin kallon nan na ranar cire haƙori, ta ce, "Daga wani zaki ne da ya waiwaya sau ɗaya."

Babu injin da zan ɓuya a bayansa a ofishin nan, sai jakar na rufe fuska da ita.

Ga sabon rahoto. Farin jinin sunan Kefadi ya ninka cikin minti ɗaya. Rabin masu shi yanzu mata ne. Sanƙo dai har yanzu kashi ɗari cikin ɗari.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan ya kwana a ciki, shi ya jiyo, ba da yawuna ba. Ba ni da alhakin surukin da ya iya karatu, ko tsohuwar da ta ƙi barcin rana, ko ƙamus ɗin da aka ce a mayar. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, kuma gaskiya ne, tawa ma ba ta yi ba, gaskiyar Inna ce ta haifa mini takwara. Mai ƙorafi ya zo gida ya ƙwala mini kira daga ƙofa. Amma ya zo da shirinsa, don tsohuwa ce za ta riga ni amsawa, kuma tana da abin faɗi.